Kaapi: Yadda Ake Haɗa Gahawar Ɗiga Ta Kudancin Indiya A Gida

A birnin Bangalore na Kudancin Indiya, idan ka ci karo da maƙwabci da sassafe, ba lallai ya tambaye ka kwanan iyali ba. Abin da zai ce shi ne "Kaapi aita?", wato an sha gahawa? Na yi watanni ina amsa wannan gaisuwa da e, alhali abin da nake kaɗawa a ɗakina garin gahawar nan ne na gwangwani mai narkewa a ruwan zafi, wanda a wurin mutanen Kudancin Indiya bai kai a kira shi kaapi ba. Dattijuwar da nake haya a saman gidanta, wadda duk ɗalibai muke kira Anti, ita ce ta gaji da ganina a haka. Wata Lahadi ta kira ni kicin ɗinta, ta turo mini kujera da ƙafa, ta ce, "Ɗana, zauna ka gani." Yawancin abin da ke biye a kan wannan kujerar na koye shi, sauran kuma sai da na ɓarnatar da gari mai yawa da hannuna.

Kofi a Hausa sunan abu biyu ne, abin sha da mazubinsa. Don kada mu rikice, abin shan zan riƙa ce masa gahawa, kofi kuwa mazubi.

Kaapi madara ce tafasasshiya da aka zuba wa ɗan ruwan gahawa mai kauri da ƙarfin gaske. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke kofin madara ce. Wannan ɗan ruwan mai ƙarfi suna ce masa dikoshan, kuma ba a ɗora shi a wuta, ɗiga yake yi da kansa har ya taru. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke tace toka a ƙauye, a cika tsohuwar ƙwarya mai huji da toka, a zuba ruwa, a tara kwano a ƙasa a tafi harkokin gida, ya riga ya san rabin aikin.

Mataci

Ƙaramin abu ne, tsayinsa bai fi taƙi ɗaya ba, kuma gida huɗu ne. Akwai gwangwanin ƙasa, inda ruwan ke taruwa. Akwai gwangwanin sama da ke zama a kansa, gindinsa cike da ƙananan huji kamar na rariya. Sai wani ɗan faifai mai huji-huji da tsinke a tsakiyarsa, kamar lemar da aka buɗe, shi ake danna garin da shi. Na huɗu murfi. Ana yin sa da silba marar tsatsa, ana kuma yin na tagulla. Na tagulla ya fi kyau a ido, shi ake sa wa amarya a kayan kicin, amma yana dushewa, sai ana goge shi da tsamiya da gishiri. Ga mai farawa, na silba ya wadatar.

Wurin saye a kula da girma. Mutane kan ɗauki babba don tunanin baƙi, sai su dawo suna zuba cokali biyu na gari a faffaɗan gindi. Garin ya baje ba kauri, ruwa ya wuce ta cikinsa kamar an zuba a kwando. Idan mutum biyu ne ko uku za su sha, a nemi wanda gwangwaninsa na sama ke cin kamar mililita 150. A ɗaga shi sama a duba hujin da hasken rana: su zama ƙanana, jere daidai, babu wanda ya fi wani faɗi. Shagunan Indiyawa a Legas da Kano wani lokaci sukan kawo, in ba a samu ba a yi wa ɗalibi ko mai zuwa asibiti Indiya sautu, ba ya da nauyi kuma ba ya da tsada a can.

Gari

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Garin kaapi haɗi ne na gahawa da cikori. Cikori saiwar wani tsiro ce mai shuɗin fure, ana yanka ta, a busar, a soya, a niƙa. Ba ta da sinadarin da ke hana barci. Turawa ne suka fara haɗa ta da gahawa, ta kuma yaɗu sosai a Faransa bayan 1806, lokacin da Napoleon ya rufe tasoshin Turai ga kayan Ingila, gahawa ta yi wuya. Abin da ya faro da dole ya zama ɗanɗano, har ya iso Indiya ya zauna. A cikin mataci aikinta biyu ne. Tana kumbura ta riƙe ruwa, sai ɗigar ta yi jinkiri, ruwan ya daɗe yana jan ƙarfin gahawar. Sannan tana ba dikoshan duhu da kauri da wani ɗan ɗaci mai kama da na ƙonannen sukari, wanda ke tsaya wa madara.

A jikin leda za ka ga an rubuta 80:20 ko 70:30 ko 85:15. Lambar farko gahawa ce, ta biyu cikori. Ni 80:20 nake ba da shawara a fara da shi. Idan cikori ta kai 30, kaurin ya ƙaru amma ƙanshin gahawar ya fara ja da baya. Ta kai 40 kuwa, a ganina saiwa kake sha. Akwai masu tsaurin ra'ayi a can da ba sa yarda da ko ƙwayar cikori, suna cewa algus ce, kuma wannan gardama ba ta ƙarewa a tsakanin dattawan birnin Chennai. Kamfanoni irin su Cothas na Bangalore, da Narasu's na Salem, da Leo na Chennai duk suna sayar da haɗaɗɗen gari a leda. Anti ba ta sayen na leda. Shagon niƙa take zuwa duk mako biyu, ta ce a auna mata rabi Plantation A, wato zaɓaɓɓiyar gahawa wankakkiya ta nau'in da ake kira Arabika, rabi Peaberry, wato ƙwayar nan zagayayya da ke fitowa ita kaɗai a cikin ɗan itacen maimakon biyu, a ƙara cikori, a niƙa a gabanta. Ledar kan iso gida da ɗuminta.

Wannan gahawa kusan duk daga tsaunukan yankin take fitowa. Jihar Karnataka kaɗai tana noma kusan kashi 70 cikin 100 na gahawar Indiya, a Kodagu da Chikmagalur da Hassan, sai Wayanad a jihar Kerala da tuddan Nilgiri a jihar Tamil Nadu, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa tare da masoro. Labarin da kowa zai ba ka a can shi ne na wani sufi, Baba Budan, da aka ce a ƙarni na 17 ya dawo daga aikin Hajji ta Yaman, ya ɓoyo ɗanyen iri guda bakwai a jikinsa, ya shuka su a tsaunukan Chikmagalur. Har yau ana kiran wurin Baba Budangiri. Nakan tsokani abokaina 'yan can da cewa tsarabar alhaji suke sha kowace safiya.

Wanda bai samu garin Indiya ba, kada ya fasa. A nemi ƙwayar Arabika, ta Habasha ko ta tsaunin Mambila, wadda aka soya ta yi duhu kamar cikakken dabino amma ba ta yi baƙi ƙirin tana naso ba. In da hali a gauraya da ɗan Robusta, wani nau'in gahawar, don ƙarfi. Suyar gahawar Larabawa, mai haske da ake dafawa da kayan ƙanshi, ba za ta yi ba, madara za ta shanye ta. Garin gwangwani mai narkewa kuwa ba ya shiga mataci ko kusa.

Laushin niƙa shi ne abin da ya fi wahalar kwatantawa a rubuce. Ka murza tsakanin yatsu biyu: ya fi garin fulawa tsaki-tsaki, amma ya fi sukari laushi, kamar lallausan yashin bakin kogi. Idan da bilenda za ka niƙa, ka riƙa kunnawa kana kashewa kana girgiza, kuma kada ta zama wadda ake niƙa yaji da ita. Kada a kai injin unguwa, kada a daka a turmin daddawa. Gahawa tana ɗaukar wari fiye da yadda ake zato. A niƙa na mako biyu kawai, a zuba a kwalba mai rufuwa ruf, a ajiye nesa da murhu.

Ɗiga

Ga ma'aunin da nake amfani da shi na mutum biyu zuwa uku: gari cokalin cin abinci uku a tule, kamar giram 20, da ruwa mililita 120. Gari zai shanye wani abu, abin da zai taru a ƙasa kamar mililita 80 ne.

Fara da ɗora ruwa mai daɗin sha. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe ɗanɗano, in shi ke gidan a yi amfani da na leda ko na gora. Kafin ya tafasa, ka ɗauraye gwangwanayen biyu da ruwan zafi, ka goge na saman ya bushe. Ƙarfe mai sanyi yana sace zafin ruwa nan take, musamman da hunturu.

Ɗora na sama a kan na ƙasa, zuba garin, ka ɗan bubbuga gefen da yatsa ya baje daidai. Wasu kan fara barbaɗa ɗan sukari a gindi don kada lallausan gari ya zurare ta hujin. Yanzu ɗauki faifan nan mai kama da lema ka ɗora a kai, ka danna. A hankali. Nauyin yatsu biyu ya isa, manufar ita ce saman ya daidaita, kada a bar rami ko tsaga inda ruwa zai bi ya tsere. Ranar da na fara yi ni kaɗai, danne shi na yi kamar mai daɓen ɗaki, ina ganin hakan zai ƙara masa ƙarfi. Sa'a guda ta wuce ko ɗigo goma ba su sauka ba. Da na gaji na ɗaga gwangwanin sama da hannu don in leƙa, ruwan zafi ya kwaro mini a yatsu. Anti ta dubi hannun, ta dubi matacin, ta miƙo mini tsumma ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Bar faifan a ciki, a kansa za ka zuba ruwa, shi zai watsa shi ko'ina ba tare da ya haƙa rami a garin ba. Idan ruwan ya tafasa, sauke shi ka ƙirga talatin. Ruwan da ke tsalle a wuta yana fito da ɗaci marar daɗi, wanda ya huce kuma ba ya jan komai. Fara zuba kaɗan, daidai abin da zai jiƙa garin, ka jira rabin minti. In garin sabo ne za ka ga yana kumbura yana fitar da ƙananan kumfa. Sai ka zuba sauran a hankali, ka bar tazarar kan yatsa daga baki, ka rufe.

Daga nan sai jira, minti 15 zuwa 20. Kada ka buɗe, kada ka girgiza, kada ka danna tsinken don ka hanzarta shi. Da sanyi a lulluɓa masa tsumma. Gidaje da yawa a can kan haɗa da dare su bar shi ya kwana, da asuba sai tafasa madara kawai. Yana yi, amma ƙanshin na safe sabo ya fi tashi.

Lokacin da ya ɗauka shi zai gaya maka inda ka kuskure. Idan cikin minti uku ko biyar ya gama sauka, ruwan kuma ya fito ja-ja kamar shayi, garin ya yi tsaki da yawa, ko ya yi kaɗan, ko ba ka danna ba sam. Idan rabin sa'a ta wuce ruwa na nan kwance a sama, garin ya yi laushi da yawa, ko ka daɓe shi irin nawa, ko hujin sun toshe. Wani lokaci kuma iska ce ta maƙale tsakanin gwangwanayen, sai ka sa tsumma ka ɗan murɗa na saman ya saki. Ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara ba. Dikoshan mai kyau baƙi ne mai ɗan ja a gefe, idan ka karkata gwangwanin yana ɗan maƙalewa a jikin ƙarfen kafin ya gangara. Ka ɗanɗana ɗigo ɗaya: zai yi ɗaci ya sa ka yamutsa fuska. Haka ake so.

Juye wannan ruwan farko a wani kofi ka rufe. Ana iya sake zuba ruwan zafi, rabin na ɗazu, a kan garin don a samu ruwa na biyu. Ya fi rauni nesa ba kusa ba. Anti takan ajiye shi don shan yamma ita kaɗai, baƙo kuwa ruwan farko ake ba shi, kuma baƙon da ya san kaapi yana ganewa tun kurɓar farko.

Madara

Tunda ita ce mafi yawa a kofin, ba a yi mata ƙwauro. A garin Kumbakonam na Tamil Nadu akwai abin da suka shahara da shi, digiri kaapi. Bayanin da aka fi yi game da sunan shi ne, da can ana gwada madara da wani ma'auni mai lambobi don a tabbatar ba a tsarma ta da ruwa ba, sai sunan ya bi gahawar da aka haɗa da irin wannan madara. Wasu kuma sun ce ruwan farko ake nufi. Ko wanne ne, madara ce ta saniya, sabuwa, da maiƙonta.

Wanda ke kusa da ruga ko yake da mai kawo masa sabuwar tatsa ya more. A tace ta, a tafasa sosai. Nono mai tsami ko kindirmo ba su shiga nan. In madarar gari ce, a nemi mai cikakken maiƙo, a dama ta da ɗan kauri fiye da yadda aka rubuta a jikin gwangwani, sannan a tafasa ta kamar sabuwa. Madarar ruwa ta ƙaramin gwangwani tana da nata ɗanɗanon da ke danne gahawar, ita ce zaɓina na ƙarshe.

Ɗora madarar lokacin da ɗigar ta kusa ƙarewa, kana juyawa don kada ta kama. Da ta taso sai a sauke. Doka ɗaya ce a nan ba ta da sassauci: dikoshan ba ya hawa wuta. Kada a zuba shi cikin tukunyar madara a ci gaba da dafawa, kada a tafasa shi ko da ya huce. Da ya tafasa ƙanshin ya tafi, sai ɗaci da ɗan tsami. Zafin madarar shi zai ɗumama shi. In daga firji aka ciro shi, inda zai iya yin kwana ɗaya a rufaffiyar kwalba, a tsoma kwalbar cikin ruwan zafi na ɗan lokaci.

Haɗi da sheƙa

Ana shan kaapi a ƙaramin kofin ƙarfe marar mariƙi mai lanƙwasasshen baki, wanda ke zaune cikin wani ɗan kwano mai faɗi da suke kira dabara, sunan da ya yi daidai da namu na Hausa ba da gangan ba. Ana danganta wannan lanƙwasar baki da tsohuwar al'adar wasu gidajen Hindu ta ƙyamar yawu, inda mutum ke ɗaga kofi ya tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba. Yau galibi kurɓa ake yi kai tsaye, amfanin bakin kuma shi ne nan kaɗai yatsa ke iya riƙewa idan ƙarfen ya ɗauki zafi. In babu waɗannan, kofunan silba biyu sun isa.

Ga kowane mutum: sukari ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, dikoshan mililita 30 zuwa 40, wato kamar cokalin cin abinci biyu zuwa uku, madara mililita 100 zuwa 120. Fara da sukari, sai dikoshan, sai madara mai zafi daga ɗan nesa. Launin da ake nema shi ne na ƙasar tukwane jiƙaƙƙiya. Ya yi fari, a ƙara dikoshan. Ya yi duhu yana ɗaci a maƙogwaro, a ƙara madara. Sukari kuwa a yi hattara, mu mun saba da shayi mai zaƙi rau, amma a nan ana so ɗacin ya leƙo ta bayan zaƙin.

Sheƙar ba sai na koya wa Bahaushe ba, duk wanda ya zauna teburin mai shayi ya ga yadda ake yi. Juye daga kofi zuwa kwano, daga kwano zuwa kofi, kana ɗaga hannun sama a hankali yayin da ruwan ke zuba. A gidajen abinci na can akwai masu miƙa hannu har tsayin mita, shi ya sa ake ce mata mita kaapi. A gida taƙi biyu ya isa, kuma ranar farko a tsaya a bakin wurin wanke-wanke. Sheƙar tana narkar da sukari ba cokali, tana rage zafi daidai baki, tana kuma tayar da kumfa. Sau uku ko huɗu, a ƙare a cikin kofin. An wuce haka, an sha da sanyi. Masu son ƙawa kan ɗiga ɗan dikoshan a saman kumfar.

Ba a sa mata citta ko kanumfari. Akwai abin sha na busasshiyar citta da suke kira sukku kaapi, amma shi daban ne, galibi don mura ake sha. Abin da ake canzawa shi ne zaƙin. A karkarar Karnataka ana sa bella, wato mazarƙwailar rake irin tamu, a kudancin Tamil Nadu kuma karupatti, da ake dafawa daga ruwan wata bishiya 'yar'uwar giginya. Mazarƙwailarmu tana shiga da kyau, sai dai a kankare ta a narkar cikin dikoshan tukuna, kada a tafasa ta tare da madara don takan sa ta guntse.

Wanda bai samu mataci ba tukuna zai iya kusantar abin: a zuba gari da ruwan zafi a ma'aunin da na faɗa cikin kofi, a rufe minti biyar, a tace da tsabtataccen farin ƙyalle ninki biyu ba tare da an matse ba. Kaurin ba zai kai ba, amma za a gane inda aka dosa. Kada dai a huda gwangwanin tumatir ko na madara don a kwaikwaya, tsatsa yake yi.

Wanki

Da an gama a juye dusar, tana da amfani a gindin shuka. A wanke da ruwan zafi da ɗan sabulu marar turare, a ɗauraye sosai, a kife kowane gida daban ya bushe, domin maiƙon gahawa da ya kwana a ƙarfe yana yin wari ya shiga ta gobe. Duk mako a ɗaga gwangwanin sama a duba hujin da haske. Wanda ya toshe a zura masa allura, ba tare da an faɗaɗa shi ba. Anti kuwa da awartaki take kama shi ta gifta gindin a kan harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi, busasshen garin da ya maƙale ya ƙone, ta kaɗe shi a tafin hannu bayan ya huce, ta mayar da shi kan kantar kicin kusa da kwalbar gari.